Rumfar da Aka Yi wa Muryar Ɗanjuma

Ku samarin da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna jiran wayoyinku su cika, na ji abin da kuka faɗa ranar nan. Kun ce tashar nan da ke kan tudu a ƙasar Zandam, wadda take faɗin ruwa da iska ba kowa a wurin, ba wani aiki ba ce, akwati ne da batir, duk wanda ya kalli bidiyo zai haɗa irinta kafin la'asar. Ban tanka ba a lokacin saboda ina liƙi, kuma ni ba na magana da dalma a hannu. Yanzu na ajiye ƙarfen. Zan ba ku amsa daga farko zuwa ƙarshe, kada wanda ya katse ni.

Aikin farko da maigidana Malam Garba ya ba ni a rumfarsa ta kasuwar Birnin Kudu ba gyara ba ne, hura gawayi ne. A lokacin ba mu da ƙarfen liƙi na lantarki. Wani guntun jan ƙarfe ne mai mariƙin itace, a cusa shi cikin garwashi, a goge bakinsa da tsumma, a miƙa wa maigida ta wajen mariƙin. In bai yi zafi ba dalma ba za ta gudana ba, in ya wuce kima ya ƙone cikin rediyon mutane. Sai da na iya gane zafin da ya dace ta hanyar kusanto shi da kumatuna, sannan aka bar ni na riƙe sukundireba. Shi ma da sharaɗi: duk ƙusar da na kwance sai na jera ta a kan faifai yadda ta fito, ta farko a dama, ta ƙarshe a hagu. In aka rufe rediyo aka ga ƙusa ta rage a faifai, sai an sake buɗewa gaba ɗaya, ko da mai ita yana tsaye motar Gwaram tana yi masa hon.

Wata rediyo da wani mutumin Sara ya kawo ita ce ta koya mini halin masu kawo gyara. Ya ajiye ta ya ce, "Haka kawai ta yi shiru, Malam, ba abin da ya same ta." Malam Garba bai buɗe ba. Ya ɗaga ta ya sansana, ya miƙo mini na sansana. Kunun tsamiya. Ya dubi mutumin ya ce, "Da ƙosai ta sha, ko haka nan?" Daga ranar na riƙe tsarin da nake bi har yau: a tambayi mai kaya, a sansana, a girgiza a saurara, a duba batir, sai a ƙarshe a kwance. Kuma duk wanda ya karɓi rediyonsa daga hannuna sai ya ji jawabi iri ɗaya: ka raba ta da ruwa, ka raba ta da rana, ka raba ta da yara. Na faɗa wa mutanen ƙasar nan wannan har wasu suna riga ni ƙarasawa. Suna kuma aiki da shi. Mutanenmu in suna son abu, rufe shi suke yi. Na gyara rediyo mai rigar leda, na gyara mai rigar karan-miski har da aljihun ajiye batir, na gyara ta wani Bafillatani da sai da na warware mata zannuwa kafin na ga inda ake kunnawa.

Da waya ta cika gari aikin ya ja baya, shi ya sa kuka same ni ina caji. Ana cikin haka Malam Yakubu ya shigo da wani akwatin ƙarfe a cikin buhu. Tsohon malamin kimiyya ne, mutumin Unguwar Ya, ya yi ritaya. Yana cikin waɗanda ake kira masu rediyon sha'awa, wato mutanen da hukuma ta yi wa jarrabawa ta ba su lasisi da lambar kira, suna magana da junansu ta iska, ba don ciniki ba, ba don kiɗa ba. Akwatin na aikawa ne, ba na kamawa ba. Na gaya masa ban taɓa buɗe irinsa ba. Ya ce shi ya san aikin kowane abu da ke ciki, amma hannunsa rawa yake yi in ya riƙe dalma. Muka zauna, shi da takarda, ni da ƙarfe, har akwatin ya tashi.

Ranar da ya zo ɗauka bai ɗauka ba. Ya ja kujera ya ce, "Sale, masu gona a ƙasar Gwaram da suke zaune a garin nan, yaya suke sanin an yi ruwan shuka a can?"

Na ce, "Su kira a waya. In ba sabis, su hau mota su je su tona ƙasa da hannu."

"In wanda aka kira yana marmarin maigida ya zo da tsaraba fa?"

"Sai yayyafi ya zama ambaliya."

Ya ce to abin da yake so ke nan: a kafa wannan akwati a kan wani tudu can, a haɗa shi da abubuwan awo, ya riƙa faɗin ruwan da ya sauka da zafi da iska da kansa, bayan asuba, bayan azahar, da kuma kafin magariba. Zai aika a gefen mita arba'in a gajeren zango, kusa da inda dattawa suke murɗowa su ji labaran duniya. Ya ce lasisinsa bai ba shi izinin yi wa jama'a jawabi ba, awo kawai zai aika wa 'yan'uwansa masu irin wannan sha'awa. "Amma ban ga dokar da ta toshe kunnen manomi ba."

To ga abin da kuke kira akwati da batir. Ma'aunin ruwa mazurari ne mai faɗin baki yana kallon sama, a ƙarƙashinsa akwai wani ɗan cokali mai kai biyu a kan tsinke, kamar sikeli. In kai ɗaya ya cika sai ya karkata ya zubar, ɗayan ya taso, kowace karkatawa akwatin ya ƙirga. Sai da muka yi ta ɗiga ruwa da sirinji muna lanƙwasa ƙafar cokalin kafin kawunan biyu su daidaita. Na iska ludayan alminiyam ne da na yanke wa hannu na ɗaura a kan cibiyar tsohon keke. Ma'aunin zafi ba ya son rana kai tsaye, ba ya kuma son a kulle shi, sai muka kifa farantan roba farare ɗaya bisa ɗaya da ɗan rata a tsakani, muka rataye shi a ciki. Daga nan farantin sola, batir, eriya, da sandar jan ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa don tsawa.

Wannan duka mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne babu mai gadi. Rediyon da ke ɗakinka in ta yi tari za ka buge ta ta dawo. Wadda ke kan tudu ita kaɗai, dole ka zauna ka yi tunanin duk abin da zai same ta kafin ya same ta. Muka yi tunanin tururuwa, muka liƙe kowace kafa. Muka yi tunanin ƙadangare, muka sa raga. Muka yi tunanin akuya da cin waya, muka bi da wayoyin ta cikin bututu. Muka yi tunanin ɓarawo da yara masu danƙo. Malam Yakubu ya tsara ta yadda in batir ya yi ƙasa za ta yi shiru da kanta, in ya cika ta farka ta ci gaba daga inda ta tsaya. Duk wani mai cutarwa mun shirya masa. Masu kyautatawa ne babu wanda ya kawo su a zancen.

Saura murya. Tawa siririya ce, Malam Yakubu kuma ba ya ƙirga zuwa goma bai faɗa Turanci ba. Sai na tuna da Ɗanjuma. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, shi ne mai shelar wani ƙauye a ƙasar Zandam, can yankin Gwaram. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, suna da surukai a cikinku. Shelar gado ce a gidansu: ubansa ya yi ta da ganga, shi yana yi da lasifikar hannu. Ɓatan akuya, ganin wata, allurar shanu, gyaran rijiya, duk daga bakinsa ake ji, kuma in ya faɗa an gama. Tudun da Malam Yakubu ya zaɓa ma a bayan ƙauyensu yake.

Ɗaukar muryar ta fi haɗa akwatin wahala. Duk inda muka zauna ko zakara ya yi cara ko injin niƙa ya tashi. Daga ƙarshe muka sa shi ya shiga wani rumbun ƙasa da babu hatsi a ciki, na miƙa masa abin magana ta sama. Aka ce ya faɗi lambobi ɗaya bayan ɗaya a hankali. Ya faɗi "ɗaya" kamar yana kiran mutumin da ke Sara.

Na leƙa na ce, "Kai bawana, rage murya. Ba akuya ce ta ɓata ba."

Daga cikin rumbu ya ce, "Bawanka ne ka ɗauko mota ka zo neman muryarsa? Ka ba ni taka in ji, in ba ta yi kama da ta sauro ba."

Sai kuma ya ce shi ba zai fara magana da mutane ba sallama ba. Malam Yakubu ya ce doka ta ce lambar kira ce farko. Ɗanjuma ya ce to a kira dokar ta shigo rumbun ta yi da kanta. Aka shirya a kan sallama, sannan lamba, sannan awo. Kalma ɗaya ce ya yi ta ja da baya a kanta, ita ce "babu". Ya ce tun da ya gaji shela bai taɓa zagaya gari don ya ce babu ba. Na ce ranar da ba a yi ruwa ba me akwatin zai ce? Ya faɗa sau ɗaya, a gajarce, kamar wanda aka tambaya rance, ya fito yana kakkaɓe jiki.

Da rani muka kafa ta. Mai unguwa ya hau tudun da dattawansa, ya zagaya ta, ya tambayi Malam Yakubu abu ɗaya: shin za ta faɗi abin da zai faru gobe? Malam Yakubu ya ce a'a, gobe ta Allah ce, wannan abin da ya riga ya sauka kawai take faɗa. Mai unguwa ya ce to babu laifi. Ni kuma na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, amana ce muka bar muku. Kada a taɓa." Ya ce, "Mun karɓa." Har ranin ya ƙare tana aiki lafiya. Mutane suna murɗowa su ji Ɗanjuma yana faɗin zafi da inda iska ta fito, ya rufe da "ruwan sama, babu", kowa ya gyaɗa kai, domin gaskiya ce.

Shekarar ce ruwa ya yi jinkiri. Hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Waɗanda suka yi binne iri ya soye a ƙasa. A shagon nan ba ni da aiki sai kunna wa mutane tashar, su tsaya da sungumi a kafaɗa su ji "babu" su tafi. Cikin masu zuwa kullum har da Alhaji Mati mai hatsi, wanda babbar gonarsa take dab da ƙauyen su Ɗanjuma. Ya riga ya yi magana da 'yan ƙwadago da mai a-kori-kura, jira kawai yake ya ji ruwa ya sauka a can.

Ruwan ya sauka a can, mai yawa, mu a nan ko ɗigo. Tashar ta ce babu. Mai kula da gonar Alhaji ya kira shi ya ce a taho a yi shuka. A gabana Alhaji ya ce masa, "Kai Ilu, bana ba irin bara ba ce. Yanzu na ji daga bakin mai shelarku." Ya kashe waya yana dariya, ya ce mini wannan akwati ya raba shi da yaudara. Aka sake yin ruwa a can, tashar ta sake cewa babu. Alhaji bai san halin da ake ciki ba sai ranar kasuwar Sara, da ya ga mutanen yankin da taɓo har gwiwa, suna cewa geronsu ya tsiro.

Abin da ya faru a ƙauyen kuwa Ɗanjuma ne ya zo da kansa ya gaya mini. Ya sauka daga acaɓa, bai yi mini tsiyar da ya saba ba, ya zauna a bencin nan da kuke zama.

Ya ce, "Sale, ka ba ni muryata."

Na ce, "Me ya faru?"

"Muna zaune a zauren mai unguwa, ruwa kamar zai ɓalle jinka, ni kaina a jiƙe sharkaf, sai wani ya kunna rediyo. Na yi wa mutane sallama da bakina na ce musu ruwan sama babu. Ina zaune a tsakiyarsu."

Na ce ai kowa ya san inji ne.

"Kowa ya sani, amma sunana ya koma Malam Babu. Jiya na yi shelar allurar shanu, wata mata ta leƙo ta katanga ta ce in na ce akwai, to babu ke nan. Mai allurar ya yini a gindin tsamiya shi da jakarsa. Alhajin garinku kuma ya zo ya yi wa mai unguwa faɗa a ƙofar gida, ya ce mai shelarsa ya ci masa damina. Yanzu mai unguwa ya karɓe lasifikar, ya ce tana wurinsa har a gane mai ƙarya. In ba a gane ba zai ba wani." Sannan ya ce, "A hannun babana aka bar shelar nan, shi ya bar ta a nawa."

Na rufe shago muka wuce wurin Malam Yakubu. Ya ce shi ma ya lura: a ranakun nan danshi ya hau, zafi ya faɗi, iska ta juya, komai na cewa an yi ruwa ban da mazurari. Muka yanke cewa zanzaro ne ya yi gini a wuyansa. Na tambayi Ɗanjuma ko wani ya taɓa wani abu, ya ce a'a, sai ma kula da aka ƙara yi. Na ɗauki 'yar waya ta tsokalo ginin zanzaro na sa a aljihu, washegari muka kama hanya, har da Alhaji Mati da ya ce sai ya gani da idonsa.

Tun daga nesa na ga tudun ya canza. Da muka hau, sai ga rumfa. Ban taɓa ganin rumfa mai kyau irinta a ƙasar nan ba. Gofofin ƙirya, jinkar sabon shuci an tsefe ta an datse bakinta, an kewaye da ƙaya saboda awaki. An bar kafa a tsakiya sandar eriya ta fita da ludayanta, an naɗe kafar da tsohon tiyub don kada ta yi yoyo. Farantin sola an ɗaga shi an ɗaure a kan jinka, yana fuskantar inda muka fuskantar da shi, babu kuskure. A ƙarƙashi ga akwati, ga batir, ga mazurari a bushe ƙamas, an kuma kifa masa faifai mai ado.

Mai unguwa ya iso da jama'a, fuskarsa a haɗe saboda zancen ƙarya, amma da ya ga muna kallon rumfar sai ya ɗan saki. Ya ce, "Gayya muka yi mata da hadari ya fara haɗuwa. Amana ba a bar ta a fili. Sola mun san rana take ci, mun fitar da ita. Eriya ma mun sani. Lasifikar nan da ta buɗe baki tana kallon sama ita ta fi ba mu tsoro. Kai da kanka kake cewa a raba rediyo da ruwa. To ka duba, Malam Sale, ko ɗigo bai shiga ba."

Na buɗe baki zan ce a rushe ta yanzu, sai Malam Yakubu ya taka mini ƙafa. Ku riƙe wannan, domin babu shi a bidiyo: ba a gaya wa mai gari a gaban mutanensa cewa gayyarsu ce ta yi ɓarna. Malam Yakubu ya yaba rumfar, kuma ba ƙarya ya yi ba, domin batir yana son inuwa. Sannan ya roƙi arziki a kawo buta da ruwa.

Ni kuma na yi nawa bi da bi. Na kashe akwatin. Na cire eriya na ɗaura ƙwan fitila a madadinta, yadda maganar ba za ta wuce tudun ba, kada mutanen Birnin Kudu su ji an yi ruwa rana tsaka su hau mota. Na ɗauke faifan na miƙa wa mai shi da hannu biyu. Na kunna. Na ce wani ya murɗo rediyonsa. Sannan na ba mai unguwa butar na ce, "Ranka ya daɗe, da hannunka. A hankali, cikin lasifikar." Na nuna masa mazurarin.

Ya dube ni kamar na ce ya zuba wa Alƙur'ani miya. Malam Yakubu ya ce in ta lalace shi ne mai ita. Mai unguwa ya yi bisimilla ya karkata buta. Daga ƙasa aka ji ƙas, ƙas, ƙas, cokali yana juyawa. Na danna maɓallin gwaji. Rediyon da ke hannun wani dattijo ta yi sallama, wasu har suka amsa. Ta faɗi lamba, ta faɗi zafi, ta faɗi iska, sannan muryar Ɗanjuma ta ce ruwan sama milimita shida.

Mai unguwa ya dubi butar, ya ɗaga kai ya dubi jinkar, ya sake duban mazurarin.

Ya ce, "Ashe ba magana take yi da shi ba, sha take yi."

Malam Yakubu ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

"Mu kuma muka sa ta azumi."

Wani ya fara dariya daga baya, aka harare shi, sai mai unguwan da kansa ya kama, daga nan kowa ya saki. Da aka lafa ya juya ya ce, "Wa ya ce a yi rumfar nan?" Kowa ya dubi na kusa da shi. Ya ce, "Ni ne, ina dai gwada ku. Wa ya ɗauko shuci?" Aka nuna Ɗanjuma. Ashe dami biyu ya ɗauko a ka, shi ne ma ya yi shelar gayyar.

Alhaji Mati bai yi dariya ba. Ya ce, "Duk na ji. Gonata fa? Maƙwabtana na shirin noman farko, ni ko rami ban sara ba."

Mai unguwa ya yi ɗan tunani ya ce geron mutanensa ya fito da kauri, dama cirewa za a yi. Hannun da suka yi rumfa su za su ɗebo abin da aka cire su yi wa Alhaji dashe, tun ƙasa na da laima. Gayya ta ɓata, gayya za ta gyara. Amma fa sai kowane gida ya fito da safe, sai an yi shela. Ya aika aka ɗauko lasifikar daga gidansa, ya riƙe ta bai miƙa ba. Ya ce, "Ɗanjuma, mu da muke nan mun gani. Waɗanda ke cikin gari ba su gani ba. In ka kira suka fito, taka ce. In ba su fito ba, ban san yadda zan yi da kai ba."

Ɗanjuma ya karɓa ya rataya. Sai ya juyo gare ni ya ce shi ma yana da sharaɗi: a goge "babu" ɗin nan. Na ce ba ta goguwa sai an sa wani abu a gurbinta, kuma dole ya zama gajere. Ya ce a sa "a mazurarin nan dai ban ga ruwa ba, Allah ne masani." Na ce ya yi tsawo, zai ci batir. Ya ce batirin kakana ne? Malam Yakubu ya ce a bar masa. Kafin la'asar na kafa wa mazurarin nasa turke a fili, nesa da jinka, na daidaita shi da kwanon ruwa, na mayar da eriya. Ɗanjuma kuma ya sake shiga rumbu, wannan karon ba gardama.

Bayan la'asar ya fara zagaye, ni ina biye da shi da jakar kayan aiki, domin hanyar tasha ce. A kowace mararraba sai ya tsaya ya ce mai unguwa na gaishe ku, ya ce a gaya muku murya ba ta yi ƙarya ba, rumfa ce ta tare ruwa, kuma gobe da safe kowane gida ya fito da dashen gero gonar Alhaji Mati. Maza a ƙofar gida suna jinsa suna murmushi. Yara biyu suka fara "Malam Babu", babu wanda ya kwaɓe su. Ya ci gaba da tafiya, wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi.

A lungu na ƙarshe wata tsohuwa ta yi magana daga bayan danga.

"Wane Ɗanjuman ne ke magana? Na kan tudu ko na ƙasa?"

Ya sauke lasifika ya ce, "Na ƙasa ne, Inna. Mai ƙafa."

"Kai ka ga ruwan da idonka?"

"Ya dake ni ma, Inna."

"To mun ji. Yarana su Habu za su fito." Sannan ta ce, "Tun da ga ka nan, tunkiyata baƙa mai farin goshi ba ta dawo ba tun jiya. Ka haɗa da ita."

Ɗanjuma ya gyara igiyar lasifika a kafaɗa, ya juya ya koma mararrabar farko, ya fara zagayen daga tushe.